Ƙirge da Awo: Yadda Ajinmu na Turanci Ke Tafiya a Jos

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka buɗe aji. Mutum goma sha huɗu suka zo, a wani ɗaki da mai wata makarantar firamare a bayan titin Bauchi ya ara mana, Asabar da Lahadi, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba. Babu ɗan koyo ko ɗaya a cikinsu. Duk suna karanta saƙon banki, suna ciniki da mutanen Kudu, wasu har gardamar ƙwallo suke tafkawa da Turanci a Facebook. Akwai yara biyar masu shirin JAMB, da wata ma'aikaciyar jinya, da wani matashi mai gyaran waya a Dilimi, da direban Keke, da wata Hajiya mai shagon atamfa a wajen Taminus, da wani dattijo dillalin kayan gwari a Farin Gada wanda kowa ke ce wa Baba. Sauran 'yan kasuwa ne.

Na ce kowa ya rubuta wasiƙar rabin shafi zuwa ga mai gidan haya, yana kukan rufin ɗakinsa na yoyo. Na kwaso takardun zuwa gida na bi su da jan biro. Manyan kalmomi ba su ba kowa wahala ba, wani yaro har "dilapidated" ya rubuta bai kuskure harafi ko ɗaya ba. Inda biron ya sha aiki shi ne kan 'yan ƙananan nan da ke tsayawa gaban suna: a, an, the, some, any, much, many, few, little, each, every. Kurakurai 96 na ƙirga, 58 a nan suke.

Abin da na ƙudura shi ne mu fito da ɗan littafi mai shafi arba'in kafin azumi, bayani da Hausa, misalai da Turanci, kuma kowane misali ya fito daga bakin 'yan ajin nan. A nahawun Hausa irin su wani da wata ana ce musu mafayyaci, irin su kaɗan da biyu da uku kuwa ma'auni. Zan ari sunayen nan biyu in yi aiki da su.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na tafka kuskuren da aka tafka a kaina ina yaro. Na cika allo da ƙa'idoji goma sha ɗaya na "the", suka kwafe tsaf, suka karanto mini da ka. Da na ce a yi jimla, Hajiya ta ce, "The life is not easy in the Jos." Na tambaye ta ƙa'ida ta shida, ta kawo ta babu gargada. Ta ce, "Malam, haddar na nan a kaina, bakin ne bai san da ita ba."

Ruwa ne muka zuba a kwando. Na goge allon.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mun koma kan a da an, don a samu abin da zai yi sauƙi zukata su kwanta. Kusan kowa ya zo da ƙa'idar firamare: in kalma ta fara da a, e, i, o, u, a sa "an". Na rubuta "university" da "hour" na ce a gwada. Rabin aji ya faɗa ramin. Ai kunne ke yanke hukunci a nan, ba ido ba. "University" da sautin y take farawa, shi ya sa ake cewa "a university", haka ma "a uniform". "Hour" kuwa h ɗinta ba ta fita, kuma shaidar tana bakinmu: da Bahaushe ya ari kalmar awa ya ce, bai ce hawa ba. Kakanninmu sun ji daidai tun ba su ga rubutun ba. Mai gyaran waya ya ɗago kai ya ce, "To Malam, an MTN line ke nan, amma a Glo line?" Haka ne, tunda em ake furtawa. Wannan misalin ya shiga littafi.

Na ba su labarin asalin kalmar, don na lura manya sun fi riƙe abu in sun san daga inda ya fito. A tsohon Turanci "an" ɗaya take nufi, daga baya n ɗin ta riƙa faɗuwa gaban baƙi. Wanda ya riƙe cewa a ɗaya ce, ba zai ƙara cewa "a rice" ba sai ya ji wani abu ya soke shi, don babu mai sayen shinkafa ɗaya. Su kansu Turawan sun sha rikicewa da wannan n. Rigar da mai girki ke ɗaurawa a gaba, da can "a napron" ce, kunnuwa suka raba ta ba daidai ba ta koma "an apron", ta zauna a haka. Baba ya yi dariya har da buga sanda, ya ce ashe masu abin ma sun yi tuntuɓe, mu da muka tsinta a hanya me za a ce.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Tun muna makaranta ake gaya mana Hausa ba ta da "the", shi ya sa muke shan wahala. Na daɗe da yarda da wannan magana, har na sha maimaita ta. Yau na gwada akasinta. Na rubuta a allo: "Na ga wata mota a Gangare. Motar ja ce." Na ce a nuna mini bambancin mota ta farko da ta biyu. Wata yarinya cikin 'yan JAMB ta ce ta farko ba mu san ta ba, ta biyu an riga an ambace ta. Na ce to ki juya. Ta ce, "I saw a car in Gangare. The car is red." Ba ta nemi ƙa'ida ko ɗaya ba.

Wannan -r da -n da ɗin da muke liƙa wa suna, yaron, rigar, kofin, bas ɗin, aikin da suke yi kusan shi ne na "the": ni da kai mun san wanda ake nufi. Bambancin kawai namu a wutsiya yake, nasu a goshi. Sai muka sake komawa kan jimlar Hajiya. Na ce Hajiya, in za ki faɗa da Hausa, rayuwa ba sauƙi za ki ce, ko rayuwar ba sauƙi? Ta ce in duniya gaba ɗaya nake nufi, rayuwa. Na ce to cire "the". Ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne kuka ɓoye mana shekara talatin?"

Amma kada in yaudari kaina, gadar ba ta kai ko'ina ba. Bahaushe na cewa rana ta faɗi, ba ya cewa ranar ta faɗi, Turanci kuwa dole "the sun", don ɗaya ce tilo kowa ya san ta. Muna cewa na sayi mota ba tare da wata ba, alhali Turanci ba ya barin suna tilo mai ƙirguwa ya fito tsirara, sai an yafa masa wani abu, ko a, ko the, ko my, ko this. A ganina wannan ita ce ƙa'ida guda da ta cancanci hadda. Sauran goman da na rubuta wancan makon na iya jira.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Sunayen wurare. Nan babu dabara mai yawa, sai haƙuri. "The Niger" kogi ne, "Niger" ƙasa ko jiha. "The Benue" kogi, "Benue" jiha. Tafki ba ya ɗauka, "Lake Chad" ne kawai, amma hamada na ɗauka, "the Sahara". Mutanen garin nan na cewa "on the Plateau" in tudun suke nufi, su ce "Plateau State" in jiha ce, kuma duka daidai ne. "The University of Jos" amma "Bayero University". Titi babu: "Ahmadu Bello Way". Ma'aikaciyar jinya ta tambayi wanne ne daidai tsakanin "in hospital" da "in the hospital" ga wanda aka kwantar. Na farkon na Ingila ne, na biyun na Amurka, kuma jarrabawarmu bin Ingila take yi. Rabin shafi zan ba wannan babi, ba ƙari.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Wannan ce ranar da aikin ya sami ƙafa, kuma ba ni na kawo dabarar ba.

Makon jiya na shiga much da many, na ce akwai sunaye masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa, na jera misalai: water, sand, rice, money. Baba ya ɗaga sanda. "Malam, tsaya. Kuɗi ne ba a ƙirgawa? To ni me nake yi tun asuba?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na rasa amsar da za ta gamsar da shi. Na ce naira ake ƙirgawa, ba "money" ba. Bai yarda ba. Ya ce in zo Farin Gada in ga yadda ake yi, shi bai iya bayani a kan benci ba.

Da safen nan muka je mu takwas. Motoci na sauke dankali daga Bokkos da Mangu, ga kabeji tuli-tuli, ga karas jiƙe da ruwan wanki, ga masu lodi na ihu a ba su hanya. Baba ya tsaya gaban wani mai kabeji ya ce, "Wannan nawa-nawa?" Ya matsa gaban mai acca ya ce, "Nawa mudu?" Sannan ya juyo ya dube ni. "Ka ji? Wancan ƙirge ne, wannan awo ne. Kowane yaro a kasuwar nan ya san kabeji ɗaya, amma ba mahaukacin da zai ce a ba shi acca ɗaya. Sai ka kawo mudu, ko tiya, ko buhu."

Shekara goma sha biyu ina koyarwa ban taɓa samun kalmomi biyu da suka fi waɗannan ba. Abin ƙirge: many, few, a number of. Abin awo: much, little, an amount of. Kuma abin awo in kana son ka ƙirga shi sai ka nemo masa mudunsa: a bag of rice, a loaf of bread, a bottle of oil, a bar of soap. Daidai da buhun shinkafa, kwalbar mai, sandar sabulu, ƙullin gishiri. Matsalarmu ita ce "da yawa" ɗaya muke da ita tana aikin biyu, mutane da yawa, ruwa da yawa, haka ma kaɗan, haka ma nawa. To amma rabon yana cikin kanmu, a kasuwa muka ajiye shi.

Muna zagawa sai muka ga inda Turanci ya saɓa wa kasuwa. Wake a wurinmu awo ne, a wurinsu "beans" ƙirge ne, jam'i, "many beans". Gyaɗa ma haka, "groundnuts". Amma masara da gero da shinkafa awo ne a duka biyun. Albasa ƙirge, tafarnuwa kuwa "garlic" awo, sai ka ce "a clove of garlic". Yarinyar nan mai kaifin kai ta ce to ai ba abin ne ke yanke hukunci ba, harshen ne. Ta gama maganar. Na nuna musu koren waken nan da ake zubawa a soyayyar shinkafa, na ce shi kansa da can "pease" ne, abin awo kamar shinkafa, Turawa suka ji s a ƙarshe suka zaci jam'i ne, suka yanko masa tilo "pea".

Batun kuɗi kuwa, a hanyar dawowa cikin Keke na tuna wani abu. Kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce, wato ɗan farin ƙwanson nan da ake ciniki da shi a da, tun zamanin da ake ƙirga shi ɗaya-ɗaya a ƙasa. Shi ya sa har gobe kana jin kuɗi ya ƙare, kana kuma jin kuɗin nan ba su isa ba. Ashe Baba yana da tarihi a bayansa. "Money" ne dai ya zaɓi zama abin awo, kuma mudunsa naira ce da kwabo. Na faɗa masa. Ya ce yanzu ka yi magana.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mun canza yadda muke tara kalmomi. Da, kowa na da littafin da yake jera kalma da ma'anarta: advice, shawara. Yanzu na hana. Kowane suna sai an rubuta shi da rakiyarsa: some advice, a piece of advice. Mai gyaran waya ya kawo kwalayen da ake zubarwa a shagonsu, muka yanka kati ɗari uku. Gaba Hausa, baya Turanci cikin jimla, kusurwa kuma Ƙ ko A, ƙirge ko awo. Ƙamus na masu koyo ma haka yake yi da harafin C da U, yawancinsu ba su taɓa lura da alamar ba.

Tsarin bitar na wani ɗan jaridar Jamus ne, Sebastian Leitner, wanda ya fito da shi a 1972. Akwati mai gida-gida: katin da ka ci ya matsa gaba, a jima ba a dube shi ba, wanda ka faɗi ya koma gidan farko a gan shi gobe. Mu gwangwanin madara uku muka sa, muka ɗaure da roba.

Waɗanda suka fi komawa gwangwanin farko su ne waɗanda Hausa ke ba jam'i Turanci ya hana: shawarwari, labarai, bayanai, ayyuka. Daga nan "advices" da "informations" da "works" ke fitowa. Sai dangin kaya: luggage, furniture, equipment. A nan Hausa ta taimake mu, don kaya ma ba a cewa kaya uku in ana nufin kujera da gado da tebur. "News" kuwa munafuka ce, ga s a wutsiya amma "the news is good".

Asabar, 7 ga Disamba

Few da a few, little da a little. Harafi ɗaya, amma yana juya zuciyar magana. Na tambayi Hajiya yaya kasuwa. Ta ce, "Alhamdu lillahi, an ɗan samu masu saye." Na ce in ranar ta ɓaci fa? Ta ce, "Ba wasu masu saye." Na farkon shi ne "a few customers came", na biyun "few customers came". Adadin na iya zama ɗaya, mutum huɗu a nan, huɗu a can. Mai a godiya yake yi, marar a kuka yake yi. Direban Keke ya ce to shi kullum "little fuel" ne, bai taɓa ganin "a little" ba tun da aka cire tallafi.

Na so in ƙara musu "quite a few", wadda ke nufin da dama, amma na ga idanu sun fara juyawa. Na bar ta sai wani jiƙon.

Lahadi, 22 ga Disamba

Sanyi ya sauko da gaske, hazo ya rufe duwatsun Shere tun safe. Mutum shida kawai suka zo, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. 'Yan kasuwa na fama da cinikin Kirsimeti, ban ga laifinsu ba. Mun yi bitar kati, muka sha shayi a bakin titi, muka watse. Hutun mako biyu.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Cikin hutu na sake bin wasiƙun farko, na gano wani kuskure da na yi ta gyarawa ban tambayi tushensa ba: "two room", "five year", "ten bag". Na ɗauka sakaci ne. Ba sakaci ba ne, Hausa ce tsantsa. Muna cewa ɗaki biyu, shekara biyar, buhu goma, kwana uku. Lamba ta riga ta faɗi yawan, me za a yi da jam'i kuma? Turanci kuwa sai ya faɗa sau biyu, a lamba da a suna. Da na bayyana haka yau, mai gyaran waya ya ce ashe ba daƙiƙanci ba ne, tsimi ne.

Sai kuma inda abin ya juye. "Two hundred naira", ba "two hundreds" ba, amma "hundreds of people". "A ten-year-old boy", babu s. "Every student", tilo, kamar kowane ɗalibi, nan mun yi daidai da su.

Ina cikin wannan bayani na rubuta a allo, "One of my student asked me." Ban gani ba. Yarinyar nan ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, ɗaya daga cikin ɗalibina ake cewa, ko ɗalibaina?" Na juya na dubi allon. Wanzami ba ya son jarfa, amma na sa s ɗin da jan alli na bar ta har aka tashi. Kuma hanyar da ta bi ta kama ni ita ce ainihin abin da nake son littafin ya koyar.

Lahadi, 19 ga Janairu

Some da any ba su ja lokaci ba. Some a jimlar tabbatarwa, any a korewa da tambaya, sai dai in tayi kake yi ko roƙo: "Would you like some tea?" Wanda ya ce wa baƙo "any tea" kamar yana fatan a ce a'a ne. Hajiya ta ce wannan tayin Bahaushen da bai shirya ba ne, bismillah a baki, hannu a kan murfin kwano. Any a jimlar tabbatarwa kuwa ko wanne take nufi: "take any Keke".

Each da every sun fi taurin kai, don kowane ɗinmu na ɗauke su duka. Abin da ya zauna musu shi ne hannu: "each hand", ba "every hand" ba, don every ba ta shiga abu biyu, sai uku zuwa sama. Ana cewa "almost every day", ba a cewa "almost each day". Both, either da neither na tura su mako mai zuwa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kai wa wani abokin aikina daftarin ya duba, muka kwashe awa biyu muna gardama a kan abu biyu.

Na farko less da fewer. Shi a wurinsa "less people" zunubi ne. Na ce a jarrabawa haka ne, kuma haka na rubuta: fewer ga ƙirge, less ga awo. Amma na ƙara layi biyu cewa Turawa sun fi shekara dubu suna sa less gaban abin ƙirge, kuma ƙa'idar ta samo asali ne daga ra'ayin wani marubuci, Robert Baker, a 1770, wanda ya ce shi dai fewer ta fi masa daɗi. Malamai suka mai da son ransa doka. Ko a yau "less than five hundred naira" da "less than ten kilometres" su ne daidai, don kuɗi da nisa da lokaci awo ne ko da lamba a gabansu. Abokina ya ce wannan zai rikita yara. Na ce manya nake koyarwa, kuma gara su ji daga bakina da su ji a BBC su ce Malam ya yi ƙarya.

Na biyu ya fi nauyi. Ya ce me ya sa nake wahalar da mutane kan "equipments" da "staffs" alhali a takardun ofisoshi ma haka ake rubutawa, Turancin Nijeriya ne. Maganarsa ba ta banza ba ce. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da okada da danfo da buka da Kannywood. Harshe na mai amfani da shi ne. Amma yaran nan biyar za su zauna gaban kwamfuta su amsa tambaya 60 na Turanci cikin 180 na JAMB, kuma kwamfutar ba ta san wannan muhawara ba. Ma'aikaciyar jinya kuma tana son rubuta jarrabawar fita waje. Abin da na yi a littafin shi ne na daina rubuta "kuskure" a kan irin waɗannan. Na raba shafi gida biyu: abin da za ka ji a gari, da abin da mai maki ke nema. Abokina bai gamsu ba, ni ma ban gama gamsuwa ba, amma haka zai tafi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na sake ba su wasiƙar mai gidan haya, ba tare da gargaɗi ba. Mutum goma sha ɗaya suka rubuta. Kurakuran mafayyaci da ma'auni sun sauko daga 58 zuwa 19, ko da yake mutum uku sun ragu, don haka ba zan yi ta buga ƙirji ba. Much da many kusan sun wanke. "Informations" sau ɗaya ta fito. Wadda ta ƙi mutuwa ita ce a da ake mantawa: "I am trader", "she is nurse". Goma sha ɗaya cikin sha taran nan ita ce. Ni ɗan kasuwa ne, ita nas ce, babu gurbin da Hausa ta tanada a nan, don haka babu gadar da zan kafa, sai maimaici. Na ƙara shafi biyu na atisaye a kanta, na rage na sunayen wurare.

Baba ya rubuta, "There is too much water in my room and I have little patience left." Na karanta wa aji. Ya ce ba misali ba ne, rufin nasa da gaske yana yoyo, kuma zai kai wa mai gidan takardar kafin damina.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mai buga littafi ya turo gwaji. Duk ƙ da ɗ da ɓ sun zama ƙananan akwatuna, ƙirge ya koma akwati da "irge". Da na koma sai ya ce a bar su k da d da b kawai, ai kowa zai gane. Na ce littafin da ke koyar da cewa harafi ɗaya na raba "few" da "a few" ba zai fito yana rubuta kasa a maimakon ƙasa ba. Mai gyaran waya ya bi ni shagon da yamma, ya sa masa rubutun da ke da ƙugiya a kwamfutarsa, cikin minti goma aka gama. Takarda ta yi tsada, kwafi ɗari ya koma sittin. Hajiya ta biya na ashirin, ta ce kada in faɗa a aji.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Littafin ya iso jiya da dare cikin kwali biyu, shafi 44. Na riga na ga kuskure biyu: a shafi na 17 an maimaita layi, a shafi na 30 "neither of them are" ta tsere mini alhali "is" jarrabawa ke so. Mun zauna mun gyara kwafi sittin da biro kafin a raba.

Ana sa ran ganin wata ƙarshen makon nan, don haka yau ne zama na ƙarshe sai bayan Salla. 'Yan JAMB sun roƙi mu ci gaba da safe ranar Asabar, na amsa. Kowa ya tafi da gwangwanayensa. A jerin abin da ya rage na rubuta: most da most of, another da other, "quite a few" da na yi wa alkawari, da kuma enough, wadda ke zuwa gaban suna amma bayan sifa. Baba ya karɓi kwafi biyar, ya ce yaran da ke masa lodi zai ba, kuma in an dawo yana da tambaya a kan "fish", don wani mai saye daga Fatakwal ya ce masa "fishes" shi kuma bai yarda ba.